Ra'ayinmu: Wa Zai Gaya wa Bunguɗu Ruwa Na Tafe?

Ranar Asabar, 30 ga watan Satumba na shekarar 2006, ana cikin azumin watan Ramalana, saura kwana ɗaya Jihar Zamfara ta cika shekara 10 da kafuwa, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle. Rahotannin wancan lokaci sun ce mutum kamar 40 ne suka rasa rayukansu, gidaje kimanin 500 suka rushe, gonakin da ke gab da isa girbi suka koma fadamar laka, rijiyoyi suka gurɓace, garin da ke shan ruwan wannan madatsa kuma ya wayi gari ruwa ya kewaye shi amma babu na sha. Unguwar Birnin Ruwa tana daga cikin wuraren da suka fi jin jiki. Da yawa daga cikinmu ɗalibai ana goye da mu a lokacin, waɗansu ma ba a haife su ba, saboda haka abin ya zo mana a matsayin labarin da iyaye ke bayarwa in hadari ya haɗo daga gabas.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon zance shi ne wani ɗan bayani da ke cikin rahotannin, wanda yawanci akan wuce shi da sauri. An yi ruwan sama mai yawan gaske, wannan haka ne. Amma kuma an ce ƙofofin madatsar, watau waɗanda aka yi musamman domin a ɗage su ruwa ya wuce in ya yi yawa, sun ƙi aiki a ranar da aka bukace su. Ruwa ya taru a bayan gini, bai sami hanya ba, ya yi wa kansa hanya. Ruwan sama ba hannun kowa ya saukar da shi ba. Ƙofar ƙarfe kuwa mutum ne ya ƙera ta, mutum ne aka ɗauka aiki ana biyansa albashi domin ya shafa mata mai, ya gwada ta, ya rubuta wa na gaba da shi in ta cije. An gyara madatsar daga baya, har yau kuma ita Gusau ke dogara da ita. Tambayarmu ita ce ko an gyara tsarin da ya bar ƙofa ta cije ba wanda ya sani sai ranar wuya.

Bari mu duba yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya nufo arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya wuce ta Bunguɗu, ya faɗa tafkin Bakalori kusa da Talatar Mafara, kafin ya je ya haɗu da Gulbin Rima a Sakkwato. Tsafe tana can sama, tsakanin Funtuwa da Gusau, ƙasa ce ta tudu da duwatsu. Duk wanda ya bi wannan hanya da damina ya ga yadda ruwa ke kwaranyowa daga bisa dutsen Kwatarkwashi da 'yan'uwansa ya san cewa dutse ba ya shan ruwa, miƙa shi gaba yake yi. Ƙoramun wannan yanki na gabas su ne ke cika gulbi. Gusau tana tsakiya, ita ke riƙe da ƙofa. Bunguɗu kuwa tana ƙasa, ba ta kai tafiyar rabin sa'a a mota daga Gusau ba, kuma duk abin da Gusau ta saki, ko ta sake shi da niyya ko ya ƙwace mata, Bunguɗu da ƙauyukan bakin gulbi ne za su fara karɓarsa. Ƙananan hukumomi uku ne, kowace da shugabanta da sakatariyarta da kasafin kuɗinta, amma a wurin ruwa gida ɗaya ne mai zaure da tsakar gida da ƙofar baya.

Ba banza ba ne kuma abin ya auku a ƙarshen Satumba. Marka ta watan Agusta takan bar ƙasa ta ƙoshi har ta ƙi karɓar ƙari, madatsa kuma ta riga ta cika, domin masu kula da ita suna tunanin rani, ba su son sakin ɗigo ɗaya da za a nema a watan Afrilu. Ruwan da zai sauka a watan Yuni ƙasa ta shanye shi ba wanda ya ji labari, in ya sauka a Satumba kusan dukkansa gulbi zai nufa. Bugu da ƙari, itatuwan da ke rage wa ruwa gudu an sare su an yi gawayi, an nome gona har bakin gaɓa, saboda haka kowace damina ruwa yana kwaso yashi da laka ya jibge a cikin madatsa. Madatsar da laka ta cinye cikinta ba ta iya ajiye abin kirki. Wannan shi ya sa garin da ke bin 'yan garuwa da bazara, yana sayen jarka da tsada, shi ne kuma ke kwana da ido ɗaya da damina. Ciwo ɗaya ne yake nuna fuska biyu, kuma duk wanda ya yi wa Gusau alkawarin ruwan famfo bai yi maganar yashe madatsa ba, rabin magana ya yi.

To, a cikin wannan shimfiɗa akwai wata baiwa da muke banzatarwa. Ruwa ba ya tashi sama kamar tsuntsu. In an tafka shi a ƙasar Tsafe cikin dare, sai ya ɗauki lokaci yana bin ƙorama zuwa rafi, rafi zuwa gulbi, kafin ya iso Gusau, sa'an nan ya ƙara ɗaukar wani lokacin kafin ya kai Bunguɗu. Waɗannan sa'o'i su ne dukiyar talaka. A cikinsu ne mace za ta goya jariri ta ja hannun tsohuwa, magidanci ya kwance awaki ya ɗauke buhun gero da takardun gida, masunci ya janye kwale-kwalensa. Muryar mutum a waya tana isa Bunguɗu daga Tsafe kafin ƙiftawar ido. A 2006 wayar hannu ba ta gama shiga ƙauyuka ba. Yau kuwa da wuya a sami ƙauyen da ba mai waya a cikinsa, amma ba mu san wani tsari tsayayye da ya ɗora wa wani mutum takamaimai a sama nauyin kiran wani mutum takamaimai a ƙasa ba. Muna tura wa juna hoton ambaliya bayan ta ci gari, alhali kuwa da wayar nan ɗaya za a iya riga ta isa.

Ƙasashen da ke da dusar ƙanƙara suna da irin tasu ambaliyar, wadda ke zuwa in sanyi ya wuce ƙanƙarar kan duwatsu ta narke. A Jihar Kalifoniya ta Amurka ma'aikata sukan hau duwatsu su auna kaurin ƙanƙarar tun kafin ta narke, su lissafta ruwan da za ta zama, su rage wa madatsu ciki domin su sami wurin karɓarsa. Duk da haka abu yakan ɓaci musu. A watan Fabrairu na 2017 magudanar babbar madatsar Oroville ta farfashe bayan ruwan sama mai yawa, aka ji tsoron wani sashe zai ɓalle, aka umarci mutum fiye da 180,000 su bar gidajensu a yini guda, suka kuma tashi. Ba mu kawo wannan misali domin mu ce su sun fi mu hankali ba. Madatsarsu ma ta nuna sakacin masu kula da ita. Abin da ya cece su shi ne akwai wanda ke tsaye yana kallon ginin, akwai wanda ke da ikon cewa a tashi, jama'a kuma sun san muryarsa sun san hanyar da za su bi. Mu ba mu da ƙanƙarar da za mu auna wata uku kafin lokaci. Amma kowane yaro a Zamfara ya san watannin da gulbi ke kawo ruwa, kuma wannan sani ya isa a yi shiri da shi.

Kada a ce babu hukumomi. Akwai Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Akwai Hukumar Kula da Koguna da Ruwaye ta NIHSA, wadda ke fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Akwai Hukumar Agajin Gaggawa ta NEMA tun 1999, jiha ma tana da tata. Akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da Bakalori da Goronyo. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma takan fitar da gargaɗi a tsakiyar damina da sunayen garuruwa, sunan Gusau da na Bunguɗu ba baƙi ba ne a ciki. Aikin da masana ke yi a waɗannan wurare aiki ne na ƙwarai, ba mu raina shi ba. Illarsa ita ce ana karanta shi da Turanci a ɗakin taro a Abuja, jaridu su buga, a aika wa jiha kwafi, kwafin ya shiga fayil. Ko da ya isa rediyo da Hausa, abin da akan ce shi ne mazauna bakin ruwa su yi hattara. Wace hattara? Matar da ke da 'ya'ya shida a ɗakin jar ƙasa ba za ta iya yin hattara wata huɗu a jere ba. Abin da zai amfane ta shi ne a ce mata yau da dare ruwa zai iso, ki tafi makarantar firamare kaza, an buɗe aji, mai unguwa yana can.

Akwai wani mutum da ya kamata mu tausaya masa, mu kuma yi tunaninsa da kyau, domin wataƙila gobe ɗayanmu ne. Shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke kwana a bakin madatsa. Ruwa yana hawa. In ya buɗe ƙofa, shinkafar fadamun ƙasa za ta nutse, gobe a ce shi ya kashe wa mutane gonaki. In bai buɗe ba, gini na iya tafiya gaba ɗaya. Ya kira maigidansa waya a kashe, na sama da maigidan yana taro a wani gari. A irin aikin gwamnatinmu, wanda ya jira umarni ba a tuhumarsa, wanda ya yi gaban kansa shi ke shan takardar tuhuma, saboda haka sai ya jira. Maganin wannan a rubuce yake a duk inda ake tafiyar da madatsu da hankali: a sa ma'auni a jikin gini, a rubuta tun da rani cewa in ruwa ya kai layi kaza a ɗaga ƙofa kaza, a kira mutane kaza, hukuma ta sa hannu. Daga nan ma'aikaci doka yake bi, ba ra'ayinsa ba, kuma sakin ruwa kaɗan kaɗan tun da wuri ya fi sakinsa gaba ɗaya cikin firgita. 'Yan'uwanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da labarin watan Satumba na 2010, lokacin da Gulbin Rima ya tumbatsa a ƙasan madatsar Goronyo, ya ci ƙauyuka, ya yanke hanyar da ta haɗa jami'ar da birnin Sakkwato, karatu ya tsaya.

Mun san abin da za a ce mana, domin an saba faɗa a wurin jaje: ƙaddara ce. Mu ma mun yi imani da ƙaddara, kuma ba mu ƙi mai gida ya rushe ya rarrashi zuciyarsa da ita ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mai riƙe da mabuɗi ya ari kalmar daga bakin wanda aka zalunta ya lulluɓe kansa da ita. Malamanmu na zaure da na jami'a ba su taɓa koya mana cewa amanar da aka ba mutum tana faɗuwa daga wuyansa don an yi ruwan sama ba.

Sau da yawa mahukunta sukan yi kukan cewa an gargaɗi mutane sun ƙi tashi. Gaskiya ne akan ƙi, amma ya kamata a tambayi dalili. Mutanen bakin wannan gulbi sun daɗe da sanin ambaliya tun kafin a san siminti. Ita ce ke kawo musu taki a fadama, ta bar danshin da za a yi lambu da shinkafa, ta cika tafkuna da kifi. Da aka gama ginin Bakalori a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kyubik mita miliyan 450, dubban manoma suka rasa gonakinsu a sama, na ƙasa kuma suka ga ambaliyar da suke noma da ita ta ragu. Da suka tsaya neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike kuwa sun ambaci ɗaruruwa. Jikokin waɗannan mutane suna nan da rai. Wanda kakansa ya koyi cewa in hukuma ta ce tashi, ƙasar ce ba za ka sake gani ba, ba zai yi saurin ɗaukar tabarmarsa don an yi sanarwa a rediyo ba.

Ga kuma abin da ya ƙaru a zamaninmu, wanda ba a iya maganar Tsafe da Bunguɗu a tsallake shi. Mutumin ƙauye da aka ce ya bar gida tsakar dare ya hau tudu, ya san abin da ke iya jiransa a daji. Tsakanin ruwa da ɗan bindiga, da yawa za su zaɓi su kwana a kan katanga. Waɗanda rashin tsaro ya koro zuwa Gusau kuwa ba su da kuɗin fili a kan tudu, sai kwari da bakin ƙorama da kangon da ba a gama ba, watau daidai inda ruwa ke bi. Saboda haka duk shirin tashin jama'a da bai faɗi inda za su je da wanda zai tsare su a can ba, takarda ce kawai. Wannan ma dalili ne na a yi aikin da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da Sarkin Ruwa, waɗanda mutane suka san fuskarsu. Lasifikar masallaci tana isa inda takardar ma'aikatar ba ta taɓa zuwa ba.

Ba mu wanke mutanen gari ba. Wanda ya juye bola a lambatu, da wanda ya toshe kwalbati don ya faɗaɗa shagonsa, duk sun sa hannu. Sai dai leda ba ta sayar da fili. Gidan da aka gina a kan hanyar ruwa akwai wanda ya auna filin, akwai wanda ya buga hatimi, kuma galibi ƙaramin ma'aikaci ne da ya gama makaranta ba da daɗewa ba, aka miƙo masa fayil aka ce daga sama ne. Muna magana da ku, yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis: sa hannun nan da bai ɗauki minti ɗaya ba yana iya kwana shekara goma kafin ya tashi ya ci mutum.

Abin da muka ƙware a kai shi ne ihu bayan hari. Ruwa ya ci gari, manya su zo da jerin motoci, a raba buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano, a kafa kwamiti. Taimako abu ne mai kyau, wanda ya kwana a aji da 'ya'yansa ya san darajar bargo. Amma tun 1981 ƙasar nan take ware kuɗi na musamman domin matsalolin muhalli, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar kasonsu, kuma man shafa wa ƙofar madatsa da albashin mai karanta ma'auni ba su kai kuɗin man motocin zuwa jaje ba. Madatsar Bagauda ta Kano ta ɓalle a 1988. Ruwan Alau ya ci Maiduguri a 1994, aka yi jaje, shekara 30 bayan haka, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ta sake ɓallewa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, ruwa ya shiga asibiti da kurkuku da gidan namun daji. A daminar nan ta 2024 Gummi ma ta sha nata a nan cikin jiharmu. Maiduguri ta sami shekara 30 na shiri tsakanin ambaliya da ambaliya. Gusau ta ci fiye da rabin wannan wa'adi tun daga 2006.

Abin da muke nema ba ya bukatar kwangilar biliyoyi. Muna so kowace shekara kafin ruwan farko a ɗaga kowace ƙofa ta madatsar Gusau a sauke ta a gaban injiniyoyi da wakilan masarauta da 'yan jarida, a karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon jiha, har da ƙofar da ta ƙi motsi in akwai. Muna so a kafa sandunan awon ruwa a gadojin da ke sama da Gusau, a ɗauki mutanen wurin su riƙa karantawa safe da yamma, da dare kuma in an yi ruwa. Muna so shugabannin Tsafe da Gusau da Bunguɗu su zauna a tebur ɗaya a watan Mayu, su fito da takarda guda mai ɗauke da sunan wanda zai kira da wanda za a kira, da makarantar da kowace unguwa za ta nufa. Tun da gulbin daga Katsina ya fito, a nemi mutanen Funtuwa su ma su shigo.

Mu ɗalibai kuma ba 'yan kallo ba ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, ga kwalejoji, ga 'yan jiha da ke karatun injiniya da labarin ƙasa a Zariya da Sakkwato da Kano. Kowace shekara ana rubuta kundayen kammala digiri a kan batutuwan da ba wanda zai sake buɗewa. Tsofaffin Birnin Ruwa da suka ga 2006 da idonsu suna iya nuna wa ɗalibi daidai inda ruwa ya tsaya a jikin bango, kuma kowace shekara ana rasa waɗansu daga cikinsu. Ɗalibai goma da igiyar awo da littafi za su iya zana taswirar wannan layi unguwa unguwa a hutu ɗaya, su miƙa ta ga ofishin filaye da fadar hakimi, ta yadda mai sa hannu ba zai ce bai sani ba. Muna kira ga majalisar ƙungiyarmu da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin nan uku su ɗauki wannan aiki a zangon karatu mai zuwa.

Kafin nan, muna miƙa tambaya ɗaya ga masu kula da madatsar Gusau, cikin ladabi, kuma shafin nan a buɗe yake ga amsarsu, za mu buga ta yadda ta zo ba ragi ba ƙari: wace rana ce ta ƙarshe da aka ɗaga ƙofofin nan duka aka ga suna aiki, kuma in aka ɗaga su da ƙarfe biyun dare, lambar wa za a kira a Bunguɗu?